Sun Ce Dalma Ta Shiga Jininta, Wai 'Ya'yanta Za Su Gada

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga wani ƙauye a ƙasar Anka, yanzu muna zaune cikin gari saboda rashin tsaro. Ɗana ne ya rubuta mini wannan. Shekarar da dalma ta kashe yara na rasa biyu. Ta ukun tana da shekara uku a lokacin, aka kwantar da mu asibiti, ta sha magani, Allah Ya raya ta. Yanzu ta isa aure, tana ɗinki, tana zuwa Islamiyya. An kawo kuɗin gaisuwa, sai gwaggon yaron ta ce a dakata, wai dalma ta shiga jininta kamar sikila, duk ɗan da ta haifa zai zo da taɓin ƙwaƙwalwa. Yarinyar ta daina cin abinci. Don Allah gaskiya ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, Inna. Allah Ya jiƙan yaran nan biyu, Ya sa masu ceto ne, Ya ba ki ladan haƙuri.

Ɗanki ya fara karanta miki wannan kafin bayani ya yi tsawo: gubar dalma ba sikila ba ce, ba a gadonta. Kada a fasa auren ɗiyarki a kan wannan magana. Amma gwaggon ta gifta kusa da wani abu na gaskiya ba tare da ta san shi ba, kuma a kansa nake so mu daɗe, domin abu ne da ake iya shirya masa tun kafin cikin fari.

Na ga shekarar da kike magana a kai. A 2010 ina sabon ma'aikaci a ɗakin gwaji aka tura mu taimakawa wajen ɗibar jinin yara. Mutanen ƙauyuka sun gaya mana agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai abin ya koma kan yara: amai, ciwon ciki, taune-taune, a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro shiru. A watan Maris likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura. Da ma'aikatan CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, suka bi gida gida a ƙauyuka biyu, suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda. Jimillar waɗanda aka rasa a Anka da Bukkuyum ta haura 400. Na'urar da muke auna dalmar jini da ita ba ta iya ƙirga abin da ya wuce 65, sai dai ta nuna alamar ya yi yawa, mu tsarma jinin mu sake awo. Lambar nan tana nufin maikrogiram na dalma a cikin kashi ɗaya bisa goma na litar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 5 a fara neman inda dalmar ke fitowa, daga 45 a ba yaro maganin fitar da ita. Mu kuwa akwai ranar da na wuni ban ga yaron da na'urar ta iya karanta jininsa kai tsaye ba. Har yau idan na ji warin ƙwai da ya lalace sai in tuna maganin nan na fitar da dalma, DMSA, da iyaye mata ke ɗura wa yara kusan mako uku, domin haka warinsa yake. Na tabbata ke ma ba ki manta ba.

To me dalma ke yi a jiki? Jikin mutum gini ne na ƙananan ƙwayoyin halitta, kimanin tiriliyan 30, ba a ganin su sai da madubin ɗakin gwaji. Kowace ƙwaya tana da ma'aikata a cikinta: masu haɗa jini, masu kai saƙo, masu gyaran abin da ya lalace. Kayan aikinsu daga abinci suke zuwa, musamman kalsiyam, da zink, da sinadarin ƙarfe. Masifar dalma ita ce ta yi kama da waɗannan. Jiki ba shi da amfani da ita ko na ƙwayar zarra, amma idan ta iso ƙofa sai a ɗauka kalsiyam ce a buɗe mata. Ta shiga ta zauna a gurbin da ba nata ba, ita ba ta yi aikin ba, ba ta bar mai yi ya yi ba. A ɓargo tana tare ma'aikatan da ke haɗa jan sinadarin jini, shi ya sa yaran suka ɗashe, tafin hannunsu ya yi fari. A ƙwaƙwalwa kuwa da kalsiyam jijiyoyi ke miƙa wa juna saƙo, ga ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro tana tsakiyar gini, shingen da ke tsare ta daga abin da ke yawo a jini bai gama ƙwari ba. Idan dalmar ta yi yawa ƙwaƙwalwa ta kumbura, sai taune-taune. Hanjin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, ya fi zuƙa kuma idan cikinsa ba komai ko yana da ƙarancin jini. Ga shi shi ne mai rarrafe a tsakar gidan da aka daka dutsen zinare mai ɗauke da dalma a turmi aka shanya garin. Dalilin da ya sa kina gida ɗaya da su, ke kika tsira su suka tafi ke nan.

Yanzu ga maganar gado. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai wani dogon rubutu da ake kira DNA, an naɗe shi dami 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. A cikinsa ƙwayoyin gado suke, kusan 20,000, kuma duk da baƙaƙe huɗu kacal aka rubuta shi. Ki tuna rubutun ajami: akwai baƙaƙe, akwai wasulla. Sikila baƙi guda ne ya sauya a wannan rubutu, kuma sauyin yana cikin ƙwan uwa da maniyyin uba tun fil azal, shi ya sa yake bin zuriya, shi ya sa ake gwajin AS da SS kafin aure. A nan ne barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Dalma kuwa baƙuwa ce da ta zo daga waje bayan an haifi yarinya da rubutunta cikakke.

Ba na cewa ba ta taɓa rubutun ko kaɗan. Tana haddasa wani abu mai kama da tsatsa a cikin ƙwaya, wanda ke iya yi wa DNA rauni, tana kuma raunana ma'aikatan gyara, domin da yawansu da zink suke aiki. Saboda irin wannan ne cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa mahaɗan dalma cikin abubuwan da akwai yiwuwa mai ƙarfi suna jawo daji. Amma raunin da ya sami ƙwayar ƙoda ko ta ƙwaƙwalwa yana tsayawa a jikin mai shi. Kakanninmu Zamfarawa sun yi tsaga a fuska zuriya bayan zuriya, ba a taɓa haihuwar jariri da tsaga ba.

Sai wasulla. A kan DNA akwai wasu ƙananan alamomi da ke gaya wa ƙwaya ta karanta nan da ƙarfi, ta tsallake can. Baƙin yana nan yadda yake, karatun ne ke sauyawa. An ga dalma tana jirkita waɗannan alamomi. Wani ƙaramin bincike da aka yi a birnin Ditroyit na Amurka a 2015, a kan iyaye mata 35 da jariransu, ya ga alamar dalmar da kaka ta sha tana da ciki a wasullan jinin jikanta. Na kawo shi ne don kada wani ya karanto shi a waya ya zo ya tsorata ku. Abin da suka auna alama ce a jini, ba cuta ba, kuma yawancin waɗannan wasulla jiki yana wanke su ya sake sababbi a kwanakin farko na shigar ciki. Ba hujjar raba aure ba ce.

Abin da ya fi damuna ƙashi ne. Dalma ba ta daɗewa a jini, cikin kamar wata guda rabinta ya bar shi. Wata ta fita ta fitsari, wata kuwa jiki ya kai ta inda yake ajiye kalsiyam, wato ƙashi da haƙora. A jikin babba fiye da kashi 90 cikin ɗari na dalmar da ke jikinsa a ƙashi take, kuma tana iya kwana a can shekaru ashirin ko fiye. Maganin da ɗiyarki ta sha ya share ta jini da ta tsoka, ya ceci ranta, amma ba ya kaiwa cikin ƙashi sosai. Ranar da mace ta ɗauki ciki, jariri na buƙatar kalsiyam don gina ƙashinsa. Idan abincin uwa bai wadatar ba, sai jikinta ya buɗe rumbu ya ɗebo daga ƙashinta, dalmar da ke kwance ta biyo. Mabiyiya ba ta tace ta, abin da ke jinin uwa kusan shi ake samu a jinin cibiya. Idan ta yi yawa tana iya jawo ɓari, ko bakwaini, ko jariri maras nauyi, ko hawan jini ga mai cikin. Kin ga wannan ba gado ba ne. Guba ce ke tsallakawa daga jiki zuwa jiki a wani lokaci sananne, kuma abin da aka san lokacinsa ana iya tare shi.

Ga abin da zan yi da ɗiyata ce. Kafin biki a kai ta a auna dalmar jininta, jinin jijiya ba na ɗan yatsa ba, don ƙurar da ke fata tana ɓata awon yatsa. MSF ta miƙa wannan aiki ga gwamnatin jiha a 2022, don haka ku fara tambaya a babban asibitin Anka ko ma'aikatar lafiya a Gusau inda ake awon yanzu. Idan katinta na 2010 yana nan, ku riƙe shi kamar takardar gona. A auna yawan jininta, da ƙodarta, da hawan jini. Da zarar ciki ya shiga ta fara zuwa awo da wuri, ta buɗe baki ta gaya wa ungozomar asibiti cewa tana cikin yaran dalma, a sake awo farkon ciki da ƙarshensa. Ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da na kalsiyam yadda aka rubuta mata, domin idan jiki ya samu a abinci ba ya matsa wa rumbun ƙashi. Nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, ƙananan busasshen kifi da ake ci da ƙayarsu, wake, hanta idan an samu. Kwaɗayin farar ƙasa ko ƙasar bango da ke kama masu ciki, ita kam haramiyarta ce, ki sa mata ido a kan wannan. Shayarwa kuma ta shayar, ba a hana uwa ba da nono sai dalmar jininta ta kai 40, kuma likita ne zai faɗa. Kada kowa ya sayo mata maganin fitar da dalma a kemis ko na gargajiya tana da ciki.

Akwai tambayar da ya kamata ku ma ku yi wa dangin yaron, cikin mutunci. Shi a ina ya tashi, kuma da me yake ci da kansa? Idan ɗan ɗaya daga ƙauyukan da gubar ta shafa ne, kamar Dareta, ko Abare, ko Sunke, ko Bagega da sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, to ƙurar da ɗiyarki ta sha shi ma ya sha, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Idan kuma yana zuwa wurin haƙa ya dawo da kayan aiki a jikinsa ya zauna kan tabarmar da jariri zai kwanta, to dalmar yau da zai shigo da ita ta fi ta ƙashin amarya haɗari nesa ba kusa ba. A auna su su biyun.

Ba zan ɓoye miki ba, wasu daga cikin yaran nan sun tashi da nauyin karatu, ko saurin fushi, ko mantuwa, kuma wannan magani ba ya mayar da shi. Ina haɗuwa da wasunsu, raina yana ɓaci. Amma ko wanda abin ya taɓa, a jikinsa ya tsaya. Yarinyar da ke yanka yadi ta haɗa riga, ta riƙe haddarta, ta riga ta ba gwaggo amsa. Ki gaya mata in ji ni ta ci abinci, ƙashinta na buƙatarsa.

TAMBAYA: Malam, ni matashi ne daga Bukkuyum, shekara shida ina kan injin niƙa dutse, wani lokaci ni ke ƙona zinare. Shekara uku da aure ba haihuwa, 'yan uwa sun matsa in ƙara aure. Kullum in an tashi aiki ina shan madarar gwangwani don ta wanke ƙurar. Ko aikin na da hannu?

AMSA: Ƙanena, na ji daɗi da ka kawo kanka cikin lissafi, maza da yawa ba sa yi. A kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, akwai hannun ɓangaren namiji. Dalma tana rage yawan ƙwayoyin maniyyi, ta rage musu kuzarin tafiya, ta ɓata siffar wasu. Kafin a ɗora wa matarka laifi ko a kawo mata kishiya, je ka a auna maniyyinka da dalmar jininka. Abin farin cikin shi ne jikin namiji ba ya daina ƙera sabon maniyyi, kowane zubi yana ɗaukar kimanin kwana 74. Mazan da suka nisanci dalma jininsu ya sauka, sau da yawa awonsu yana gyaruwa bayan watanni.

Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke komai. Ita ciki take zuwa, ƙura kuwa huhu. Kuma ƙurar injinka ba dalma kaɗai ke cikinta ba, akwai garin dutse mai kaifi da ake kira silika. Huhu na da ƙwayoyi masu gadi da ke haɗiye duk abin da ya shigo. Idan suka haɗiye silika ba sa iya narkar da ita, sai su mutu su sake ta, wasu su sake haɗiya su mutu, wurin ya zama tabo. Shekara da shekaru huhu ya taurare, mutum ya kasa hawa tudu, tarin fuka ya sami ƙofa a buɗe. Tabon nan ba ya warkewa. Idan kana tari fiye da mako biyu ka je gwajin majina, kyauta ne. Ƙyallen da kuke ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙurar da ta fi kisa, don ita ido ma ba ya ganinta. Abin da ke aiki shi ne ruwa: gwajin da aka yi a wuraren niƙa a nan Arewa ya nuna feshin ruwa a bakin inji ya rage dalmar da ke iska da kusan kashi 95 cikin ɗari. Ku haɗa baki ku nemi mai injin ya sa.

Zaiba kuwa, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da kuke kama zinare da shi, ita ta fi ba ni tsoro don tururinta ba shi da wari ba shi da launi. Abin da ka shaƙa, kusan kashi 80 cikin ɗari yana shiga jini ya wuce ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya manne wa ma'aikatan ƙwaya ya tsayar da su. Alamarta rawar hannu, kumburin dasashi, rashin barci, fushi ba dalili. A garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956 bayan wata masana'anta ta zuba zaiba a teku ta shiga kifi, an haifi yara da nakasa alhali iyayensu mata ba su nuna ciwo sosai ba. Ta mabiyiya ta bi, kamar yadda na gaya wa Inna a sama. Don haka kada ka taɓa ƙona zinare a ɗaki, ko a murhun girki, ko kusa da matarka. Ka bar kayan aiki da takalmi a wurin aiki, ka yi wanka da sabulu kafin ka shiga gida, kada ka ci abinci ko goro da hannun ƙura, kuma buhun da ya ɗauki dutse kada ya ɗauki gero.

TAMBAYA: Ni kaka ce daga Argungu. Surukata ma'aikaciyar jinya ce, ta hana ni sa wa jikana tozali, wai akwai dalma. Mu da shi aka raine mu.

AMSA: Hajiya, a wannan karon surukarki ta fi ki gaskiya, ki yi haƙuri. Dutsen tozali mai ƙyalli da ake sayarwa a kasuwanninmu, da yawansa dutsen dalma ne tsantsa, ɗan uwan wanda ya yi ɓarna a Anka. Ismidi, tozalin da malamai ke ambata, wani ma'adini ne daban, amma a ido kamarsu ɗaya, mai talla ma ba ya iya rabewa. A 2012 hukumar CDC ta ba da labarin wani jariri ɗan wata shida, ɗan 'yan Najeriya a birnin Boston, da aka sami dalma a jininsa. Da aka auna tozalin da ake sa masa, fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Ba ta fata take shiga ba. Jariri ya murza ido ya kai hannu baki, hawaye kuma ya gangara ta hanci zuwa maƙogwaro. Irin wannan kaɗan kaɗan ba ya sa taune-taune, shi ya sa ba ku ga komai ba a zamaninku, sai dai ya rage wa yaro kaifin fahimta ba wanda ya sani. Ki ajiye tandun kwallin nesa da inda hannunsa zai kai. Idan idonsa na kwantsa, a goge da tsabtataccen auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, in bai daina ba cikin kwana biyu ko ido ya kumbura, uwarsa ta kai shi asibiti.